Takardar Shaida Ko Iya Aiki: Wanne Za Mu Nema Wa 'Ya'yanmu?

Maganar da na zo mana da ita a wannan fitowa ta samo asali ne daga wata tambaya da yayata ta yi mini bara bayan kaka, wadda na kasa ba ta amsa nan take, sai da na kwana biyu ina juya ta a raina.

Ni a Gaya nake zaune, ita kuma tana aure a wani ƙauye a ƙasar Ajingi, wajen Toranke. Na je musu barka ne, facalarta ta haihu. Bayan an watse sai ta ja ni ɗakinta, ta ce, "Ke da kika yi boko, zo ki raba mana gardama a kan yaron nan." Ɗanta na fari take nufi, shi ya sa ba ta kama sunansa ba. Yaron ya gama sakandare, kuma tun yana ƙarami ba ya ganin rediyo ko tocila ya ƙyale sai ya kwance ta ya ga abin da ke ciki. Yanzu duk wayar da ta sami matsala a gidan, shi ake miƙa wa. Mahaifinsa ya kai bijimi kasuwar Wudil ranar Juma'a ya sayar, ya ware kuɗin domin a tura shi ya yi difloma a fannin kwamfuta. Shi kuwa yaron ya ce a yi masa rai a bar shi ya tafi Kano ya zauna da wani mai gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Farm Centre, abin da ya rage ya sayi tsohuwar kwamfuta da data ya riƙa koyo da kansa. Uba ya ce shi bai sayar da sa don a zubar da kuɗin a rumfar kasuwa ba, takarda yake so ya gani. Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai takarda ba ta gyara waya." Uwa tana tsakiya, bijimin kuwa guda ɗaya ne.

Kowannensu yana da abin da yake nunawa. Yaron yana nuna wani ɗan makwabtansu da ya dawo da difloma ta kwamfuta an rataye ta a bango, amma da aka kawo masa kwamfutar makarantar firamare ta ƙi tashi, sai ya ce su ba a koya musu wannan ba, a allo aka zana musu. Uban kuma yana nuna wani matashi da ya shekara shida yana aiki a shagon buga takardu a Gaya, kowa ya san gwaninta tasa, shi ke cike wa ɗalibai fom, shi ke haɗa kwamfutoci idan sun rikice, amma da wata ma'aikata ta zo ɗaukar ma'aikacin kwamfuta, ko ƙofar ganawa ba a bar shi ya shiga ba, domin ba shi da takarda. Dukkan labaran biyu gaskiya ne, na san mutanen. Wannan ne ya sa tambayar ta yi mini nauyi.

Me Ya Shafe Mu Da Maganar Kwamfuta?

Wata za ta ce wannan ai maganar maza ce da 'yan boko. To ki duba, 'yar uwa. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, a lokacin sai wane da wane. A 2014 aka fito da lambar BVN ta banki. Daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ya tsinci kansa a gabanta ranar da ake yanke masa makoma. A watan Disamba na 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, muka sha layi da goyo a baya. A farkon 2023 da aka yi ƙarancin takardun naira, mai ƙosai da mai sayar da nono ma sai da suka san taransifa da masu POS. Yau kuɗin adashinmu, da kuɗin cefane da maigida ke aikowa daga Legas ko Fatakwal, da hotunan bikin 'ya'yanmu, duk suna cikin wannan ƴar na'ura. Saboda haka wanda zai riƙa gyara ta, da wanda zai riƙa sarrafa ta a asibiti da banki da sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ɗanki ne ko ɗan wata, yana riƙe da wani yanki na rayuwarki. Yadda ya koyi aikinsa kuwa ya shafe ki.

Hujjar Masu Koyo Da Hannu

Mu mutanen Gaya bai kamata mu raina wanda ya koyi aiki da hannunsa ba. Labarin da aka gada a tarihin Kano ya nuna cewa maƙera ne suka taso daga Gaya suna neman tama, suka sauka a gindin Dala, kuma su ne ake kira Abagayawa. Babu wanda ya ba su satifiket. Yaro yana fara ƙira ne da zuga, yana kallon hannun ubansa, har ranar da za a miƙa masa masaba. Haka ke ma kika koyi tuƙin tuwo da kitso da saƙa, haka ungozoma ta koyi aikinta. Da koyo akan iya, in ji Hausawa.

Aikin kwamfuta yana cikin ayyukan da wannan hanya ta fi karɓa, saboda dalilai biyu. Na farko, sakamakonsa a bayyane yake. Wayar da aka canja wa gilashi ko bakin caji, ko dai ta yi aiki ko ba ta yi ba. Manhajar da yaro ya rubuta, ko dai ta buɗe ta yi lissafin daidai ko ta ƙi. Ba a yi wa na'ura daɗin baki. Na biyu, fannin yana sauyawa da sauri fiye da yadda ake sauya manhajar karatu a makarantu, kuma darussansa suna nan birjik a intanet, a YouTube da sauran wurare, da yawa kyauta, wasu ma da Hausa. Yaro a Kademi ko Balare, idan yana da waya da caji da naci, zai iya kallon darasin da ɗan Indiya ko ɗan Amurka yake kallo a rana guda.

A 2022 Farfesa Isa Ali Pantami, lokacin yana ministan sadarwa, ya fitar da wani littafi da Turanci wanda ma'anar sunansa ita ce a nemi ƙwarewa, ba digiri kaɗai ba. Maganar ta tayar da muhawara sosai a tsakanin matasan Arewa. Sai dai na lura da yawa daga cikin samarinmu sun haɗiye kalmar nan "kaɗai", sun riƙe cewa an ce digiri ba shi da amfani. Za ki ji suna kawo misalin Bill Gates mai kamfanin Microsoft da Mark Zuckerberg mai Facebook, wai sun bar jami'a ba su gama ba. Haka ne, sun bari. Amma jami'ar Harvard suka bari, wadda shigarta ma sai wanda ya yi zarra a karatu, kuma sun fita ne da aikin da ya riga ya kankama a hannunsu, iyayensu kuma masu hali ne, da abin ya ƙi, akwai inda za su koma. Ɗan yayata idan abin ya ƙi, bijimi ya riga ya tafi.

Hujjar Masu Takarda

Shi ma uban yaron ba don son ado a bango yake maganarsa ba. Manomi ne da ya ga yadda duniya take tafiya. A aikin gwamnati takarda ce take sa a kira mutum ganawa, ita ce kuma take yanke matakin albashin da zai fara da shi. Mai digiri a mataki na 8 yake shiga, komai gwanintar wanda ba shi da ita ba zai fara daga wannan matakin ba. Mai son koyar da kwamfuta a makarantar gwamnati sai ya nuna aƙalla takardar NCE. Mai son ƙaro karatu a waje, takarda za a fara tambayarsa. Kuma makarantun ba su yi mana nisa ba kamar da. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, wadda ta fara a 2001, aka sauya mata suna zuwa na Aliko Dangote a 2022. Ga jami'ar tarayya a Dutse tun 2011. Gaya tana tsakaninsu.

Bayan maganar samun aiki, akwai abin da karatu mai tsari yake bayarwa wanda mai koyo shi kaɗai yakan rasa. Wanda yake koya wa kansa, abin da yake masa daɗi yake bi, ya tsallake mai wuya. Yakan san yadda ake yi, bai san dalilin da ya sa ake yi ba. Ya ga an taɓa nan an liƙa can da dalma waya ta tashi, ran da aka kawo masa wadda ciwonta ya bambanta, sai ya yi ta lalube har ya ƙona injinta. Bai san me ya sa batirin da ya kumbura yake da haɗari ba, bai san a kwafe bayanan mutum a ajiye kafin a wanke waya ba, sai ya goge wa baiwar Allah lambobinta da hotunan mahaifiyarta da ta rasu. Mafi muni, ba shi da wanda zai ce masa ka yi kuskure. Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Makaranta ta gari tana tilasta wa yaro ya zauna da lissafin da ba ya so, da Turancin da zai karanta littattafan fannin da shi, ta kuma sa shi a gaban wanda ya fi shi sani ya auna shi.

Wannan ya ƙara muhimmanci tun daga ƙarshen 2022, da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka bazu. Yanzu na'ura tana iya rubuta wa ɗalibi kundin kammala karatunsa, tana kuma iya rubuta wa mai koyo da kansa ƴar manhajar da zai yi taƙama da ita. Su biyun duk za su iya fakewa a bayanta. Wanda zai yi saura a fagen shi ne wanda ya fahimci tushen abin, har zai iya gane inda na'urar ta yi kuskure, domin tana yi.

Shaidar Me?

Da na rasa bakin zaren, sai na koma kan sunan abin da kansa. Bahaushe bai ce mata takardar ilimi ba, cewa ya yi takardar shaida. Shaida kuwa mun san shi a wajen ɗaurin aure da cinikin gona da gaban alƙali: mutum ne da ya gani da idonsa, yake gaya wa wanda bai gani ba. Ke nan aikin takarda shi ne ta je inda malamin yaro ba zai iya zuwa ba, ta ce da baƙon da bai san shi ba, "Mun gwada wannan, ya iya." Iyawar ita ce asali, takarda bakin da yake faɗinta ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta kafa tsarin 'Yan Taru domin karantar da matan karkara, takan naɗa shugabar kowace tawaga, wato jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle. Matan ƙauyen da jaji za ta koma ba su zauna a gaban Nana ba, amma idan suka ga malfar sun san daga inda karatun ya fito. Malfar nan takardar shaida ce. Sai dai ba a kasuwa ake sayenta ba, wadda aka sani aka kuma yarda da ita ake ɗora wa. Haka yake a tsangaya: ba mahaddaci ne yake kiran kansa gwani ba, sai ya rubuta da ka, an kai gaban waɗanda suka riga shi sun bi shi baƙi da wasali sun tabbatar. Malaman ilimi kuma suna ba da ijaza ga ɗalibin da ya karanci littafi a gabansu. Ko a sana'a, idan aka ce wannan yaron wane ne maƙeri, sunan ubangidan nan shi ne takardarsa.

Idan muka fahimci haka, gardamar gidan yayata ta sauya kama. Matashin nan na shagon buga takardu yana da gaskiya amma ba shi da mai shaida, don haka gwanintarsa ta tsaya iyakar inda aka san fuskarsa. An tauye shi, kuma al'umma ta yi asararsa. Shi kuwa mai difloma a bango yana da mai shaida, amma shaidar ta faɗi abin da babu. Wannan kuwa sunanta shaidar zur, ko da an buga mata hatimi mai ruwan zinare.

Kada a ce na yi tsanani. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida mai suna Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya ba da labarin yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin sati shida, ba tare da ya shiga aji ko ya zauna jarrabawa ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Ya yi haka ne don ya tona asirin cinikin. A farkon Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin jamhuriyar Benin da Togo. Abin tausayi, matakin ya shafi har da waɗanda suka je can suka yi karatunsu tsakani da Allah. Haka shaidar ƙarya take, ba mai ita kaɗai take cutarwa ba, tana zubar da darajar ta gaskiya.

A nan ne nake so mu iyaye mata mu dubi kanmu. Sau nawa uwa take sayar da akuyarta ko ta kwashi adashi don a kai yaro cibiyar da ake ba da amsa a ɗakin jarrabawa? Sau nawa muke ba da kuɗin da muka san na sayen kundin kammala karatu ne, mu ce ai kowa haka yake yi? Muna yi ne don so, na sani. Amma mun saya wa ɗanmu mai shaidar da zai yi masa ƙarya har ƙarshen rayuwarsa. Ran da aka zaunar da shi a gaban kwamfutar asibiti ya rikita bayanan marasa lafiya, ko ya tsaya a gaban aji yana zana wa 'ya'yan wasu kwamfuta a allo kamar yadda aka zana masa, muna da kamasho a ciki. Kayan aro ba ya rufe katara.

Haka kuma uwar da ɗanta ya iya ƴan dabaru biyu uku ta riƙa zuga shi cewa ya fi 'yan jami'a, ba ya bukatar kowa ya gwada shi, ita ma ba ta yi masa gata ba. Wanda ya ƙi a auna shi, ya zama shi ne mai ƙara shi ne mai shaida.

Abin Da Takarda Ba Ta Faɗa

Akwai wani abu guda da shaidar mutanen da take ɗauke da shi wanda ta yanzu ba ta cika ɗauka ba, shi ne hali. Idan maƙeri ya ce wannan yarona ne, yana nufin ya iya ƙira, yana kuma nufin ba zai cinye maka ƙarfe ba. A aikin kwamfuta wannan ya fi ko'ina muhimmanci. Ki tuna abin da ke cikin wayarki ranar da kika ba ƙaninki ya kai ta gyara: hotunanki ba lulluɓi, hirarki da maigida, saƙonnin banki. Ki tuna yadda tsohuwa take miƙa wa mai POS katinta ta faɗa masa lambar sirri da ƙarfi don ba ta iya dannawa. Mun sha jin auren da ya girgiza saboda hoton da ya fita daga wayar da aka kai gyara, da asusun da aka wawashe bayan an karɓi lambar mutum da sunan taimako. Masu yin wannan ta'asa ba jahilan kwamfuta ba ne, gwanaye ne, wasu da digiri wasu babu.

Saboda haka idan za ki kai waya gyara, ki cire layi da katin ajiya, kada ki ba da lambar buɗe waya sai in aikin ba zai yiwu ba sai da ita, kuma a yi a gaban wanda kika aika. Lambar sirrin banki kuwa ba a ba kowa, ko da ya ce daga banki yake. Idan kuma ɗanki ne zai shiga wannan sana'a, ki sani darasin kau da kai daga abin da ba nasa ba, babu shi a YouTube, babu shi a jadawalin jami'a. A ɗakinki ake koyar da shi, tun ranar da ya ɗauki wayarki ba izini kika hana shi ko kika yi dariya.

Shawarar Da Na Ba Yaya

Da na koma bayan sati biyu, na ce da ita, "Yaya, ni a ganina kada a raba abin da ba ya rabuwa. A fara da iyawa, a bi ta da shaida, kuma kada a karɓi shaidar da ba a gwada shi kafin a ba shi ba." Sai na zayyana mata hanyoyin da na sani.

Idan yaro ya tafi koyon aiki, a damƙa shi hannun ubangida sananne wanda uba ya je ya gani da idonsa, a yanka lokaci, kuma kada ya saki littafi. Wanda ya koyi sana'a da hannu yana da ƙofofin samun takarda ta gaskiya. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku. Akwai jarrabawar NABTEB ta fannonin sana'a. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin auna ƙwarewar mutum a kan aikin da yake yi, ko da a kasuwa ya koya. Kamfanoni irin su Cisco suna da jarrabawarsu ta haɗa kwamfutoci, wadda ake mutuntawa a ƙasashe da yawa, ba kuma sa tambayar a ina ka koya. A ƙarshen 2023 ma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da matasa miliyan 3 a fannonin fasahar zamani.

Idan kuma makaranta aka zaɓa, kafin a biya ko sisi a aika wanda ya sani ya leƙa: hukuma ta amince da kwas ɗin? Kwamfutoci nawa ne suke aiki, ba waɗanda aka jera aka lulluɓe ba? Akwai wuta ko sola? Ɗalibi yana taɓawa da hannunsa? Watannin koyon aiki da ake tura ɗalibai, wato SIWES, a tabbatar yaro ya je ya yi, kada ya kwanta a gida a sa masa hannu a littafi. Lokacin hutu kuma ya nemi shago ya zauna, ko ba a biyansa.

Ke uwa, ko ba ki san kan kwamfuta ba kina iya jarraba ɗanki. Ki ce ya rubuta miki lissafin adashinku a kwamfuta ya fitar a takarda, ki gwada da wanda ke kanki. Ki ce ya tsara katin sunan ƙanwarsa. Ki ce ya bayyana miki da Hausa abin da ya koya yau. Wanda ya gane abu yana iya faɗinsa da harshen uwarsa. Gani ya kori ji.

Kuma maganar nan ba ta 'ya'ya maza kaɗai ba ce. Na san matan aure a cikin garin Gaya da suka koyi tsara katin biki da tallar kayansu a waya suna daga ɗakinsu, suna rufa wa kansu asiri. Wadda take da wannan basira, da yardar maigida, tana iya neman takardar da za ta tabbatar mata da ita, ko ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN wadda ba ta bukatar zaman aji kullum. Muna bukatar mata masu gyaran waya da masu koyar da kwamfuta, ko don mace ta sami 'yar uwarta da za ta miƙa wa wayarta hankali kwance.

Yadda aka ƙare a gidan yayata shi ne, an raba kuɗin bijimin biyu. Mahaifin ya raka yaron Kano da kansa, ya ga ubangidan, suka yi alkawarin shekara guda. Rabin kuɗin yana ajiye, da sharaɗin yaron zai zauna JAMB ya nemi Wudil. Har yanzu uban bai gama sakin jiki ba, yakan ce shi dai sai ya ga takarda. Yaron ma da ya zo hutun Sallah ya gaya mini cewa ashe akwai abubuwa da yawa da yake yi a da bai san dalilinsu ba, kuma lissafin da ya gudu daga gare shi a sakandare ya same shi yana jiransa a kan mitar gwada wuta. Na ce masa, "To ka ga dalilin Babanka ke nan." Ya yi murmushi bai ce komai ba.

Ban san abin da Allah Ya rubuta masa ba. Abin da nake roƙo shi ne duk ranar da takarda ta shigo hannunsa, ta kasance gaskiya ta faɗa a kansa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, Ya sa su zama masu riƙon amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.